Takardar Likita A Aljihun Yaya

Akwai wani mai gyaran firji, ƙaƙƙarfan mutum mai taurin kai, wanda kowa a layinsu ke kira Mai Firji, har matarsa in tana son tsokanarsa. Su uku mahaifinsu ya haifa. Shi ne babba, sai ƙanwarsa Malama da ke koyarwa a firamare, sai Auta, wanda ya yi karatu mai zurfi ya samu aiki a wani babban kamfanin sadarwa.

Mai Firji yana da akori-kura. Fara ce a da, yanzu kuwa ko mai fenti ba zai iya faɗa maka launinta ba. Shekararta ashirin da biyu. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje sai an zura hannu ta taga, kuma in aka murza makulli sai ta yi tari sau uku kafin ta yarda ta tashi. Amma ta ɗauki firji, ta ɗauki siminti, ta kwashe kayan maƙwabta masu tashi, kuma ita ce ta kai Auta jami'a da katifarsa da bokitinsa a baya.

Shi kuwa Auta, bara ya sayi motar tsere. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta da ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse. In ya taka ta, kafin ka juyo ya sha kwana, sai rurinta ya bar maka a kunne.

Rigimarsu ta samo asali ne ranar da aka kira Mai Firji gyaran na'urar sanyaya ɗaki a kamfanin su Auta. Ya shigo harabar yana murna, ya faka tsohuwarsa daidai gefen jar motar, ya hango ƙaninsa tsaye da abokan aiki, ya ɗaga masa hannu.

Auta bai ɗaga nasa ba. Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, amma ba ƙasan da zai hana sauran ji ba.

"Don Allah ka janye wannan kwandon sharar zuwa ƙofar baya. Can masu gyara ke ajiye kayansu. Ga shi har ta fara ɗigar da baƙin mai a kan tayil."

Abokan suka tuntsire da dariya. Mai Firji ya janye motarsa, ya yi gyaran da ya kawo shi, ya tafi. Daga ranar bai sake yi wa Auta magana kai tsaye ba. Duk abin da ya zama dole, sai dai ta bakin Malama, ko da kuwa suna zaune a ɗaki ɗaya.

Ana cikin haka Baba, mahaifinsu, ya zame a banɗaki ya karye a kwatangwalo. Tsoho ne da bai iya zama wuri ɗaya ba. Kullum da sassafe sai ya zaga unguwa da ƙafa, ya gaida wannan ya tsokani wancan. Aka yi masa aiki aka sa masa gaɓar ƙarfe, likita ya ce in aka kiyaye, cikin wata uku zai koma yawonsa ba ko sanda. Baba bai ƙara tambayar komai ba sai wannan wata ukun.

Kwana tara Mai Firji ya rufe shagonsa yana jinya. Shi ke juya shi, shi ke goge masa jiki, shi ke zubar da tasa. A gidansa ma ya sa an kwashe kayan ɗakin ƙasa an gyara wa Baba, don can aka shirya zai zauna. Auta kan leƙo da yamma da ledar lemo da ayaba, turarensa ya cika ɗakin, ya yi minti goma sha biyar ya tafi.

Ana gobe sallama, likitan ƙashi ya kira Mai Firji gefen gado. Baba kunnensa ya yi nauyi, kuma yana da ɗabi'ar gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa, ya ji ko bai ji ba. Don haka sai likitan ya fuskanci Mai Firji.

"Ka saurare ni da kyau. Wata uku, in zai zauna, kada gwiwarsa ta fi ƙugunsa tudu. Ba zaman ƙasa, ba gajeriyar kujera, ba kujerar da ke lotsawa. In ya nutse a zaune, gaɓar nan za ta iya ficewa daga mazauninta. Har motar da za ta kai shi gida, a duba kujerarta."

Ya miƙa masa takarda mai zane-zanen mutum a zaune, wani da alamar daidai, wani da jan kuros. Mai Firji ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Da la'asar suka haɗu su uku a wurin ajiye motocin asibitin. Auta ya jingina da jar motarsa yana kaɗa makulli a yatsa.

"Malama," in ji shi, "ki gaya wa yayanki gobe ni zan ɗauki Baba."

Mai Firji ya ce, "Malama, gaya wa ƙaninki Baba ba zai shiga wannan akwatin ashanar ba."

Malama ta sauke jakarta a kan bonet ɗin akori-kurar. "Ni fa na gaji. Yara arba'in nake fama da su tun safe, in taso kuma in tarar da manya biyu. Ga ku ga juna, ku yi maganarku."

Ba wanda ya kalli wani.

"Tambaye shi," in ji Auta, "a ina zai sa Baba? A baya tare da tukunyar gas da matattun firji? Mutumin da aka yi wa aiki ne za a jijjiga a motar da ko rami ba ta gani ba rawa take yi? Tawa ko kofin shayi ka ɗora a kanta ba ya zuba. Ga sanyi, ga kujerar fata. Minti goma mun isa."

"Gaya masa kyan ɗan maciji ne da ita. Motar da in ta ga tudun rage gudu sai ta karkace kamar kaguwa? Motar da ba ta iya ɗaukar ko buhu ɗaya? Wannan ai takalmi ne aka sa wa inji. Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Tsohuwar zuma ko tsohon tari? Ni kunya nake ji a ce uban da ya haife ni ya fito daga asibiti a cikin wannan gwangwanin."

"A gwangwanin aka kai ka jami'a, mara kunya. Lokacin ba ka ji warin gas ba."

A karon farko cikin shekara guda, kai tsaye ya faɗa masa. Auta ya yi murmushin raini.

"To ba ni dalili ɗaya. Dalili ɗaya tak da zai hana Baba shiga motata, ban da hassada."

Hannun Mai Firji ya tafi aljihun gabansa da kansa. Ya ji kaushin takardar a yatsunsa. Fito da ita kawai zai yi, magana ta ƙare.

Sai wani tunani ya gilma masa. A ɗakin su Baba akwai wata nas mai tabarau, mace mai kaifin harshe wadda ko ƙananan likitoci ke shakka. Ita ke raka duk wanda aka sallama har bakin ƙofa. Ya hango ta gobe tsaye gaban jar motar, ta sauke tabaranta, tana wanke Auta tas a gaban masu gadi da 'yan jinya: wane mara hankali ne ya kawo wannan abin wasan ya ɗauki mai sabon aiki? Ya hango Auta yana janye motarsa a kunyace, shi kuma yana matso da tsohuwarsa a hankali, tana tari, kowa na kallo.

Shekara guda yana jiran rana irin wannan. In ya nuna takardar yanzu, Auta zai ɗaga kafaɗa ne kawai ya ce to, shi ke nan, ba wanda ya gani.

Ya sauke hannunsa.

"Ba ni da dalili," ya ce. "Allah ya kai mu goben."

Malama ta bi shi da kallo. "Yaya, wannan murmushin naka ban yarda da shi ba."

"Ke dai je ki koyar da yaranki."

Kada ku ɗauka ba ya son ubansa. Yammacin nan ya wanke akori-kurar ciki da waje, ya tura kujerar gefe baya iyakar turuwarta, ya ɗora matashi mai tauri, ya ƙwanƙwasa ɗan akwatin katako da Baba zai taka ya hau. Komai ya shirya daidai da zanen likita. Magana ɗaya kawai ya riƙe.

Washegari ƙarfe goma aka kawo takardar sallama da ta magani. Auta bai iso ba tukuna. Mai Firji ya sunkuya kusa da kunnen Baba ya ce, "Zan karɓo magani. Kada ka motsa sai na dawo." Baba ya gyaɗa kai.

Ɗakin magani yana can ƙarshen wani gini, kuma layin ya kai har bakin matakala. Yana tsaye a bayan wata mata mai goyo wayarsa ta yi ƙara. Auta ne. Rabon da sunan nan ya fito a wayarsa har ya manta.

Ya yi dariya a ransa. Ai kuwa mai tabarau ta kama shi. Bari ya daɗe yana shan ruwan zafi.

Ta sake ƙara. Ya duba, ya bar ta ta katse. Karo na uku ya danne sautin gaba ɗaya ya cusa ta a aljihu.

Minti ashirin ya ƙara kafin ya karɓi maganin. Ya nufi ɗakin yana tafiyar ƙasaita, yana shirya fuskar da zai yi. Ya tarar da gadon Baba wayam, wata nas da bai sani ba tana cire zanin gado.

"Ina tsohon da ke nan?"

"Ɗansa ya zo, mai tura keken marasa lafiya ya fita da su."

"Ina mai tabarau?"

"Yau aikin yamma take."

Ledar maganin ta suɓuce daga hannunsa. Bai tsaya ɗauka ba.

Tun kafin ya kai ƙofar asibitin ya ji muryar. Bai taɓa jin ubansa yana ihu ba, ko ranar da ya karye, amma ya gane ta. Mutane sun yi cincirindo a kan jar motar. Ya ture su ya kutsa.

Baba ya nutse a cikin kujerar fatar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Ƙafarsa ta hagu ta murɗe ciki, ta gajarce. Gumi ya jiƙa masa riga, yana ta kiran sunan Allah. Auta ya kama shi ta hammata yana ƙoƙarin fizgo shi waje.

"Sake shi!" Mai Firji ya daka tsawa. "Kada ka ja shi, za ka ƙarasa shi!"

Ma'aikata suka iso da gudu. Rufin motar ya yi ƙasa, ƙofar ta yi ƙunci, ba ta inda mutum biyu za su kama shi a tare. Sai da aka yi masa allura a nan cikin motar, aka zura katako a ƙarƙashinsa, mutum huɗu suka zaro shi kaɗan-kaɗan. Kusan rabin awa aka kwashe.

Ana wucewa da gadon, Mai Firji ya shaƙo wuyan rigar Auta ya haɗa shi da motar.

"Ka ji daɗi? Ka nuna wa duniya motarka? Ka nakasa mana uba saboda abin wasan yara!"

Auta ya fincike. Idonsa ya yi ja.

"Sau uku na kira ka! Sau uku! Muna zuwa nan Baba ya ce kamar likita ya yi wata magana a kan zama, ya ce kai ka sani. Na kira, ka ƙi ɗauka. Mai gadi na busa min usur, motoci na ta hon a bayana."

"Sai ka koma ciki ka tambaya! Ƙafarka ce ta karye?"

Auta ya kau da kai. Shi ma ya san dalilin da ya hana shi komawa. Ya ga mutane na ɗaukar motar hoto, kuma ya fi son yayansa ya fito ya tarar sun riga sun tafi. Shi ya ce wa Baba, shiga kawai, wannan kujerar ta fi gadon asibiti laushi.

A barandar ɗakin tiyata suka zauna, ɗaya a wannan ƙarshen benci, ɗaya a wancan. Malama ta iso da ƙurar alli a hannun rigarta. Mai Firji ya tare ta da labari: yadda Auta ya saci jiki, yadda ya cusa tsoho a rami, yadda ya ja shi kamar buhu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Malama ta juya kan Auta ta zazzage masa ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Bayan awa biyu likitan ƙashi ya fito yana cire hular aiki.

"Mun mayar da gaɓar. Amma ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya tsage. Zai ƙara sati shida a kwance. Maganar tafiya ba sanda kuma, ba zan yi muku alkawari ba."

Malama ta dafe bango.

Likita ya dubi Mai Firji. "Ba kai na yi wa bayani jiya ba? Har mota na ambata maka. Na ba ka takarda a hannunka."

Auta ya ɗago kai a hankali.

"Wace takarda?"

Malama ba ta tambaya ba. Ta tako ta zura hannu a aljihun gaban yayanta ta zaro ta, ta warware. Ga mutum a gajeriyar kujera, gwiwa sama, da jan kuros a kansa.

"Jiya," ta ce, "da ya ce ka ba shi dalili ɗaya, tana nan?"

Mai Firji ya kalli ƙasa.

"Tana nan, Yaya?"

"Na ɗauka nas ɗin za ta hana shi."

"Ka ɗauka." Ta jefa masa takardar a ƙirji. "Shi wawa ne, kowa ya sani. Kai kuwa ka sani ka yi shiru. Tarko ka ɗana wa ƙaninka, ka sa ubanka a ciki ya zama abincin tarkon."

Auta ya miƙe zai yi magana, ta nuna shi da yatsa. "Kai ma rufe min baki. Ba wanke ka na yi ba."

Sai da aka kwana biyu Baba ya dawo hayyacinsa sosai. Malama ba ta ɓoye masa komai ba, a kunnensa ta faɗa masa da ƙarfi, har na gadon kusa ya ji. Ya sa aka kira su duka biyun.

Ya fara da Auta. "Kai, motarka ta fi ubanka daraja a idonka, na gani. Je ka, Allah ya shirye ka."

Sannan ya juya ga babban. Baba masinjan ofis ne kafin ya yi ritaya, kuma da wannan ya yi masa magana.

"Shekara talatin ina kai saƙo. Na kai wa wanda nake so, na kai wa wanda ba ma ga maciji da shi. Akwai wanda ya taɓa zagina a gaban mutane, washegari aka ba ni takardarsa, na kai masa har tebur. Saƙo ba naka ba ne. Ba ka da ikon riƙe shi don kana jin haushin mai shi."

"Baba, kwana tara ina..."

"Na sani. Kai ka wanke ni, kai ka juya ni. Shi ya sa da ka ce wani abu na gyaɗa kai ban tambaya ba. Na ɗauka in magana tana hannunka, ta isa inda za ta."

Mai Firji ya durƙusa a gefen gadon. Baba ya juya fuskarsa bango.

Bayan sati bakwai aka sake sallamarsa. Malama ce ta karɓi bayanin likita, ta karanta shi da ƙarfi a gaban kowa, ta kira motar asibiti. Da direban ya tambayi inda za a nufa, Mai Firji ya matso zai yi kwatancen gidansa.

Baba ya ɗaga hannu daga kan gadon.

"Gidan Malama."

Haka suka fita daga harabar. Motar asibiti a gaba, jar motar tsere na binta a hankali kamar an ɗaure mata ƙafa, akori-kura a ƙarshe. Yaya da ƙani, kowanne da kujerar gefensa wayam.

Baba ya tashi daga baya, amma da sanda, yana jan ƙafar hagu. Zagayen unguwa ya koma daga ƙofar gida zuwa bakin titi. In Mai Firji ya zo gaishe shi yakan amsa, har ya tambayi yara. Amma duk ranar komawa asibiti, in likita ya fara bayani, sai Baba ya waiga ya ce, "Dakata tukuna. A kira min Malama."

Darasi: Girman kai ba sabuwar mota kaɗai yake hawa ba, yana shiga tsohuwa ma ya zauna daram. Wanda ya raina ɗan'uwansa don abin hannunsa ya yi laifi, amma wanda ya san gaskiyar da za ta hana ɓarna ya riƙe ta don ya ga an kunyata wani, shi ma ramin mugunta ya gina, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke faɗawa. In akwai maganar da ta kamata ka faɗa wa wanda kuke gaba, faɗa masa yau, ku ci gaba da fushinku daga baya in kun ga dama. Ku tura wannan ga 'yan'uwanku, musamman waɗanda suka daina ɗaga wayar juna.